Tirelar kwana ƙirar Sabon Gari: yadda ta yi mana a zagayen dangi na hunturu

Tun da aka fara ganin ƙaramar tirelar nan a bayan motata, tambaya biyu ake yawan yi mini a unguwa da wurin aiki: a ina aka ƙera ta, kuma da gaske mutum zai iya kwana a cikinta da wannan ɗarin? A nan Zariya aka yi ta, a wani garejin walda da ke Sabon Gari. Batun kwana kuwa sai an zauna, domin mun kai ta Kano da Bauchi da Jos a hutun Disamba, ni da iyalina, mun ga inda ta yi da inda ta gaza. A kan titi aikin mai waldar ya cancanci yabo sosai. Da dare, idan sanyi ya sauko, akwai abubuwan da bai yi tunaninsu ba, kuma duk mai son a yi masa irinta ya kamata ya san su tun bai ba da kafin alƙalami ba.

Ba don yawon shaƙatawa na sa aka yi ta ba. 'Yan'uwanmu a warwatse suke. Yayata tana aure a cikin birnin Kano. Kawu, ƙanin mahaifiyarmu, ya zauna a Bauchi tun zamanin da yake aikin jirgin ƙasa. Gwaggo kuma, yayar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, tana Jos, inda kakanmu ya je aikin kuza ya kafa gida. Hutun makaranta na ƙarshen shekara shi ne kawai lokacin da ni da uwargida da yara huɗu muke iya tashi gaba ɗaya, shi ne kuma lokacin da sanyi ya fi tsanani. Gidan Gwaggo ɗaki biyu ne da zaure. Duk ranar da muka sauka, jikokinta samari sai su kwashe tabarminsu su koma zaure ko shagon abokinsu, a raba barguna, a ɗauko na ƙasan akwati, wani ya kwana da zane ɗaya. Ba wanda zai ce uffan, baƙonka annabinka. Amma ina da ido. Na sha fitowa da asuba in tarar da yaro a dunƙule a bakin ƙofa yana rawar ɗari saboda ni da 'ya'yana mun kwana a gadonsa. Abin da wannan ke jawowa shi ne gajarta ziyara: ka zo yau, gobe ka ce akwai uzuri a gida, alhali ba wani uzuri sai nauyin mutane da kake ji. Otal kuma ba mafita ba ce. Ban da tsada, ka je garin da yayar ubanka take ka sauka a otal, ka jawo wa kanka maganar da za a daɗe ana yi.

Mai waldar nan na san shi da ƙera ƙofofi da get da kurar 'yan ga-ruwa da bodin a-kori-kura. Bai taɓa yin ɗakin kwana mai taya ba, kuma bai ɓoye mini ba. Na nuna masa hotunan ƙananan tireloli irin waɗanda ake ja da mota a Amurka, ya daɗe yana kallo, ya fita ya leƙa ƙarƙashin motata, Toyota Sienna ce, sannan ya ɗauki alli ya zana abin a kan simintin garejin, ya ce in kwanta a cikin zanen ya ga tsawona. Wannan ya kwantar mini da hankali fiye da duk wani alkawari. Mun yi da shi cewa ni zan sayi kayan aiki da rasit, shi kuma kuɗin hannunsa daban, kuma ina ba kowa shawarar ya bi wannan hanya, domin farashin ƙarfe ba ya zama wuri ɗaya, idan aka haɗa komai a dunƙule to a kaurin ƙarfen za a rage. Lokacin da ya ɗiba bai cika ba, aikin ya zarce da makonni. Wani ɓangare rashin wuta ne, wani ɓangare kuma ya karɓi aikin get na wani gida ya ajiye nawa. Wanda yake da ranar tafiya ya ba da aikin tun damina.

Abin da ya fito tsawonsa ƙafa 10 ne, faɗinsa ƙafa 5. A ciki mutum yana zama sosai amma ba ya miƙewa tsaye, don haka salla a waje ko a masallaci. Katifa ce ta cike ƙasan, mai ɗaukar babba ɗaya da yara biyu cikin walwala, ko manya biyu. Akwai kanta a wajen ƙafafu, taga biyu masu raga, ƙofa ɗaya a gefe, a baya kuma murfi ne da ake ɗagawa sama a sami wurin ajiye risho na gas da tukwane da jarkar ruwa. A kan rufi ya ɗora faifan sola mai wat 200 da ke cajin batir mai bolt 12.

Ƙasan tirelar shi ne inda gwanintarsa ta fito. Firam ɗin na bututun ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, mai kauri, waldar kuma a cike take, ba ɗigo-ɗigo ba. Aksul da sifirin ya ɗauko su daga tsohuwar Peugeot 504 a-kori-kura, ya ce mini, "Alhaji, ko a ƙauye boris ya ci, za ka sami bakaniken da ya san wannan." Gaskiya ya faɗa, da wuya a sami garin da ke bakin titi a Arewa da ba a san ƙafar 504 ba. Ƙarfen jan bai liƙa shi a bamba ba, ya ɗaure shi da manyan notina a jikin shasin motar, da ƙwallon ja mai milimita 50 da aka kawo daga Kano, ya kuma sa sarƙa biyu na ko-ta-kwana. Tukunyar gas ya yi mata keji a waje, a kan ƙarfen gaba, inda iska ke kaɗawa. Ni ban ce ya yi haka ba, shi ya ce gas ba ya kwana ɗaki ɗaya da mutum. Mun hau da ita sikelin da ake auna motocin hatsi, ba kaya a ciki ta yi kusan kilo 600.

Daga Kwangila muka miƙe hanyar Kano da hantsi, bayan hazo ya ɗan ɗaga. Tafiya ta yi lafiya ta Tashar Yari da Kwanar Dangora har Kura. Tirelar tana bin mota sak, ba ta karkata, tayoyin ba su yi zafi ba da na taɓa su a tsayuwar farko. Abu guda da mai waldar ya gargaɗe ni a kai, na kuma tabbatar da shi, shi ne lodi. Kaya masu nauyi su zauna gaban aksul, ɓangaren da ke kusa da mota. Idan nauyi ya koma baya, da zarar tanka ta wuce ka da gudu sai bayan tirelar ya fara lilo, ya ja bayan motar tare da shi. Buhun shinkafar tsaraba da jarkokin ruwa a gaba muka jera su, kuma ban wuce gudun kilomita 80 ba ko a inda titi yake sumul. Mai kuwa ta sha, a lissafina ƙarin ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu a kan abin da na saba ƙonawa.

A Kano matsalar ba ta tirela ba ce, ta lungu ce. Gidan yayata mota ma da ƙyar take shiga, balle a yi ribas da abu a baya. Nan ƙaramar tayar da mai waldar ya sa a gaban tirelar ta yi rana: muka kwance tirelar a bakin titi, samarin unguwa uku suka tura ta da hannu har cikin garejin maƙwabci. Rashin nauyinta alheri ne babba a irin garuruwanmu.

Wayar fitilu ita ce ta fara ba mu kunya. Ba mai waldar ya yi ta ba, wani rewaya ya kira, shi kuma ya haɗa wayoyin da salatif maimakon soket na ƙwarai. Muna wuce gadar Wudil wani direba ya matso ya yi mini nuni cewa fitilar birki ba ta kamawa. Girgizar hanya ta warware haɗin. Wani rewaya a bakin kasuwa ya gyara cikin ɗan lokaci, amma abin ya dame ni, domin cikin hazo fitilar bayan nan ita ce kaɗai ke gaya wa na bayanka cewa ka tsaya. Wanda ya karɓi aiki shi ke da alhakin wanda ya kira, don haka wannan ma a wuyansa na ɗora.

Sai ƙura. Mun bi ta Birnin Kudu muka karkata zuwa Ningi, kuma kafin mu isa Bauchi komai na ciki ya yi ja. Da uwargida ta buɗe ƙofa ta shafa katifa, tafin hannunta ya fito a zane. Ƙofar gefe da murfin baya ƙarfe ne a kan ƙarfe, ba roba a tsakani. Iska kuma tana juyawa a bayan duk abin hawa mai tafiya, tana tsotso ƙurar da tayoyi suka tayar ta cusa ta ta kowace kafa, shi ya sa wurin tukwanen ya fi ko'ina lalacewa. Wanda ya saba yin get ba ya tunanin roba, amma ɗakin da za a ja a hanyar Arewa tsakanin Disamba da Fabrairu, rufe kafa shi ne rabin aikinsa. Ɗaya daga cikin yarana yana da tarin da ƙura ke tayarwa, don haka ban ɗauki wannan ƙaramin abu ba. A Bauchi muka sayi robar ƙofar mota ta gwanjo, wani fanabita ya manna ta da gam, ƙurar ta ragu ƙwarai.

Ban yi zaton mutane za su fi hanya wuya ba. Da muka shiga gidan Kawu aka gama gaisuwa, aka kawo ruwa da masa, sai ya leƙa waje ya tambayi mene ne wancan. Na yi masa bayani. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato gidana ya yi maka kaɗan ke nan, ka zo da naka?" Jikina ya yi sanyi. Na ce, "Kawu, wallahi ba haka ba ne. So nake mu daɗe a wurinka ba tare da an tashi kowa daga makwancinsa ba." Bai amsa ba. Uwargida ce ta warware abin, ta durƙusa ta ce, "Baba, ni da ƙanana a ɗakin Inna za mu kwana. Shi da samarin ne kawai, kuma a cikin gidanka za a ajiye ta." Nan ya sauko. Tun daga ranar haka muka tsara a ko'ina: mata da ƙananan yara a cikin gida tare da masu gida, ni da manyan yara maza biyu a tirela, a cikin katanga. Washegari bayan azahar na tarar da Kawu zaune a bakin ƙofarta yana ƙwanƙwasa bango da ɗan yatsa yana duba waldar, irin duban wanda ya yi rayuwarsa cikin ƙarfe. Ya ce wanda ya yi firam ɗin ya san aikinsa, ya kuma tambaya ina birkinta.

Wani abu da za a kiyaye: kada a dafa abinci a tirela a gidan mutane. Wurin girkin nan na hanya ne, na shayi da ɗumamen yara idan an tsaya. Ka kunna risho ka ɗora tukunya a tsakar gidan kawunka, ka ce abincinsa bai ishe ka ba ke nan. Ruwan zafi kawai muke dafawa a can.

Daga Bauchi muka bar tirelar a gida muka kai yara Yankari da mota zalla, ta hanyar Gombe, a karkata a Dindima. Wannan shi ne fifikon ɗakin da ake kwancewa a kan motar da aka mayar ɗaki. An keɓe dajin tun 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, kuma rani ne lokacin ganin dabbobi domin suna taruwa a bakin kogin Gaji. Ruwan Wikki ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, yara da suka yi kwanaki suna gudun wanka sai da aka yi da gaske kafin su fito. Gwaggon biri na wurin ba sa jin tsoron mutum, duk ledar da ke hannu tasu ce, a rufe gilashin mota.

Kwanan Kano da na Bauchi ba su gwada tirelar ba, bargo ɗaya ya wadatar. Jos ce ta gwada ta. Mun hau ta Nabordo da tudun Panshanu, motar tana nishi amma ba ta yi zafi ba. Jos tana kan tsayin kusan mita 1,200, Zariya kuwa ba ta kai 700 ba, kuma a tsakiyar hunturu sanyin dare a can yakan sauko kusa da digiri 10, wani lokaci ƙasa da haka. Mu Zazzagawa muna ganin mun san ɗari, amma na Jos yana shiga ƙashi tun magariba.

A bangon tirelar mai waldar ya sa farin soso irin na cikin kwalin firji tsakanin kwano da katako, kuma bangon bai yi sanyi ba. Rufi da ƙasa kuwa bai sa komai ba. Ƙasan katako ne ɗaya a kan ƙarfe, iska na wucewa ta ƙarƙashinsa duk dare, don haka sanyin ta katifa yake hawowa, ko bargo nawa ka lulluɓa bayanka yana kan ƙanƙara-ƙanƙara. Daren farko muka rufe tagogi ruf. Wajen ƙarfe uku ɗigon ruwa a goshi ya tashe ni. Na haska fitila, sai ga rufin ya yi gumi kamar murfin tukunya, ruwa na bin ƙarafan yana sauka a kan bargo. A hunturun da leɓe ke tsagewa don bushewa, mutum ba zai zaci laima ba. Numfashinmu ne. Mutum uku a ɗan ƙaramin wuri a rufe suna fitar da tururi duk dare, tururin yana taɓa kwano mai sanyi ya koma ruwa. Ka buɗe taga, iska ta shigo kai tsaye a kan fuskar yara, domin tagogin daidai kan katifa suke. Abin da ya rasa shi ne 'yar ƙaramar kafa a sama, mai hula, da tururi zai riƙa fita ta nan ba tare da iska ta bugi mai barci ba, da kuma soso a rufin.

Hotunan da muka kwaikwaya na tirelolin bazara ne. Waɗanda ake kwana a cikinsu da hunturu a Amurka da Kanada gininsu daban ne, da abin tare sanyi a ko'ina, da na'urar ɗumama ɗaki mai fitar da hayaƙinta waje, kuma babbar damuwarsu ita ce kada ruwa ya daskare a bututu ya fasa shi, tunda sanyinsu yana sauka ƙasa da sifili. Mu ba mu da wannan. Namu ƙura ce da sanyin asuba, kuma maganinsu ba shi da tsada idan an sa shi tun wajen ƙira.

Da safe Gwaggo ta ga muna shanya bargo. Dama tun saukarmu ba ta yarda da tsarin ba. Ta ce, "Ɗan nan, a ce ɗan ƙanina ya kwana a waje ina raye?" Da daddare sai ga ta da kanta, tana takawa a hankali, ta riƙo kasko cike da garwashi, ta ce a sa mana a ciki. Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya, na ajiye shi a tsakar gida muka zauna muka ji ɗumi tare, amma ban shigar da shi ba, kuma ina roƙon duk mai irin wannan tirela kada ya kuskura. Gawayi idan yana ci a wurin da iska ba ta wadata ba yana fitar da iskar kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita, mai barci kuma ba ya farkawa ya ji. Ɗakin ƙasa mai faɗi da ƙofar asabari ma ana samun wannan musiba, balle akwatin ƙarfe mai ƙafa 10 da muka bi muka toshe kafofinsa da roba. Haka risho na gas, haka janareto a kusa da taga. Na yi wa Gwaggo bayani a hankali, ta ce ta san gidan da aka wayi gari da irin haka a unguwarsu shekarun baya, ba ta sake kawo maganar ba. Wannan gargaɗi ya kamata ya fito daga bakin wanda ya ƙera ɗakin, ko a rubuta shi a jikin ƙofa. Bai faɗa ba, kuma mafi yawan waɗanda za su saya za su yi abin da Gwaggo ta yi niyya, da zuciya ɗaya.

Abin da ya fisshe mu mai sauƙi ne. Muka ɗaga katifa muka shimfiɗa kwalaye da tabarmar roba da tsohon bargo a ƙarƙashinta. Muka bar taga ɗaya a ɗan buɗe, faɗin yatsa biyu, ta ɓangaren da iska ba ta bugowa, muka rataya tawul a gabanta. Kowa ya kwana da hular sanyi da safa. Uwargida ta riƙa cika gorar roba mai kauri da ruwan ɗumi, ta naɗe ta da zane ta tura wajen ƙafafun yara. Da haka muka yi barci mai kyau sauran kwanakin, gumin rufin ya ragu, ko da yake bai ɗauke gaba ɗaya ba.

Solar ta yi aiki fiye da yadda na sa rai, da sharaɗin a goge faifan kowace safiya, domin ƙurar kwana ɗaya tana rage cajin sosai, ranar da hazo ya yi kauri kuma batir ba ya cika. Duk da haka fitila ba ta taɓa mutuwa ba, kuma da aka ɗauke wuta a unguwar su Gwaggo, wayoyin gidan duka a tirela aka yi cajinsu. Rishon nan kuma shi ya riƙa ba Gwaggo ruwan alwala mai ɗumi da asuba ba tare da an hura itace ba. Ranar da na kai mata buta ta taɓa ta ji ɗumi, addu'ar da ta yi mini ta fi kuɗin tirelar a wurina.

A nan ne abin ya biya. Ba mu taɓa daɗewa a Jos kamar wannan karon ba. Jikokinta suna kan gadajensu, ba wanda aka tasa, don haka ba ni da dalilin gaggawa. Na zauna da ita da hantsi a rana tana ba ni labarin mahaifina yana yaro, da yadda kakanmu yake dawowa daga ramin kuza, abubuwan da ban taɓa ji ba domin kullum a tsaitsaye nake zuwa. Yarana suka saba da 'yan'uwansu har suna bin su kasuwa sayen dankali da kabeji. 'Yata ta koyi gwaten acca a hannunta. Shekarun Gwaggo sun ja, kuma ban san sau nawa ya rage mana irin wannan zama ba.

Game da tsaro, ba mu kwana a daji ko bakin hanya ba ko sau ɗaya, kuma ba na ba kowa shawarar ya yi. Tafiyar rana kawai, a tashi bayan hazo ya ɗaga, a isa kafin la'asar sakaliya, a kwana cikin katanga. A shingayen hanya jami'ai sukan ce a buɗe su gani, su leƙa su ga katifa da tukwane, wasu su tambayi inda aka yi ta, su ce a sauka lafiya. Na riƙe rasit ɗin mai walda tare da takardun mota, na kuma manna jan sitika mai ƙyalli a bayanta da gefunanta.

Tambayar Kawu ta dawo mini a hanyar gida. Mun fito ta Jengre zuwa Saminaka, ga buhun dankali da na acca da Gwaggo ta sa aka loda, nauyin tirelar ya haura sosai. A gangare sai na ji tana tura motar daga baya, birki ya fara wari. Na koma ƙaramar giya na sauko a hankali, na tsaya ya huce kafin mu ci gaba zuwa Pambeguwa da Soba. Tirelar ba ta da birki nata, birkin mota ne ke riƙe nauyin biyu. A Turai ƙa'ida ce duk tirelar da nauyinta da kaya ya wuce kilo 750 sai an sa mata nata, kuma a wannan gangaren na fahimci dalili. Tamu da ruwa da gas da tsaraba tana wuce wannan cikin sauƙi.

Da muka dawo na mayar wa mai waldar da ita na zayyana masa komai. Abin da ya ƙara masa daraja a idona shi ne bai yi musu ba. Ya shiga ciki ya kwanta ya dubi tsatsar da ta fara fitowa a ƙarafan rufin, ya ce, "Wannan laifina ne, Alhaji, sayo soso." Ya cire silin ya sa soso, ya ƙara wani a ƙasa da katako na biyu, ya huda kafar iska a sama ya yi mata hula, ya sa aka canza wayar fitilu da soket na gaske, bai karɓi kuɗin hannu ba. Wanda zai je wurinsa ko wurin wani mai walda, ya sa waɗannan a cikin ciniki tun farko, da robar ƙofa, da safaya mai ramukan noti irin na ƙafar tirelar, domin ta mota ba za ta shiga ba. Ga mai iyali da dangi a nesa, wanda motarsa ke da ƙarfin ja kuma yana da haƙurin tuƙi a hankali, na ce ya yi, kuma hannun wannan mutumin abin amincewa ne a kan ƙarfe.

Birki ne kaɗai ya ce mini ba zai yi ƙarya ba, ba aikin walda ba ne. Sai an samo aksul mai birki da kan ja irin wanda ke matse shi da kansa idan mota ta rage gudu, kuma ya ce zai tambaya a Kano da Legas. Kafin a samu, zan ci gaba da kai ta Kano da Bauchi. Jos kuwa za mu je da ita, amma tsarabar Gwaggo a motar haya za ta biyo mu.